Daga Tabarmar Karta Zuwa Gidan Kallon Ƙwallo

Mu marubuta har yau idan za mu zana ɗan caca, a bayan kasuwa muke zaunar da shi, da karta a hannu. Wancan ɗan cacar, Shari'ar da Kano ta ƙaddamar a 2000 ta san inda yake, Hisbar da aka kafa a 2003 ma ta san ƙofarsa.

Na yanzu fa? Mu leƙa gidan kallon ƙwallo a Dawanau, bayan 'yan dako sun gama sauke buhunan gero da riɗi. Sunan kamfanin caca yana ƙirjin ɗan wasa, yana allon gefen fili. Lasisin tashar ba daga Kano ya fito ba, hukumar NBC da aka kafa a 1992 ke bayarwa. Ita ma cacar, dokar tarayya ta 2005 ce ta yi mata rajista, shi ya sa mai shago ke iya cewa ai da takardarsa.

A Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta ce caca hurumin jihohi ce, waccan doka sai dai Abuja. Amma hukuncin bai taɓa talabijin ba, balle wayar da ke aljihun yaron da ya karɓi kuɗin dakonsa. Can Ingila ma sai 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince su cire tallar daga gaban riga, bayan kakar 2025/26. Ta hannun riga kuwa tana nan.