Gidan Tarihi Da Ɗakin Karatunmu

Ƴan'uwa masu koyon karatu, ku saurari labarin gidan tarihi na ƙasarmu.

An buɗe shi a Yamai cikin shekarar 1959, shekara ɗaya kafin Nijar ta samu mulkin kai. Wanda ya tsaya tsayin daka a kan aikin shi ne Bubu Hama, malamin makaranta kuma marubuci. Wani Bature, Pablo Toucet, shi ya shirya gidan. Bubu Hama ya rasu a 1982. Yau gidan yana ɗauke da sunansa.

Me aka sa a ciki? An sa tufafi da makamai da kayan kiɗa na mutanen da. An gina ɗakuna irin na ƙabilun ƙasar. An zaunar da maƙera da masaƙa da dukawa, suna aiki jama'a na kallo. Har itacen Tenere, wanda mota ta buge a 1973, can aka kai shi. Da wanda ya iya karatu da wanda bai iya ba, kowa ya shiga sai ya ƙaru. Gani ya kori ji.

To, amma Yamai da nisa. Mutum nawa ne daga ƙauyukan Magariya da Dungas suka taɓa zuwa can?

Mu ma muna da tarihi. Dungas da Waca da Mirya tsofaffin garuruwan Sosebaki ne. Sarki Tanimun na Damagaram ya kewaye Zinder da ganuwa, har igwa aka ƙera a zamaninsa. Kakanninmu sun yi saƙa da rini da zanen ƙwarya. Yanzu roba ta kori ƙwarya. Tsoho ya mutu, gara ta cinye masaƙarsa.

Ga abin da za mu iya yi. Kowa ya aro tsohon abu ɗaya daga gidansu: akushi, ko mazari, ko kwari da baka. Mu jera su a ɗakin karatu, kusa da littattafai. Mu tambayi tsofaffi sunan kowane abu, da wanda ya yi shi, da amfaninsa. Sa'an nan mu rubuta da hannunmu a ƴar takarda, mu ajiye a gefensa.

Yaro ya gani, ya karanta, ya san kakansa. Karatun da muka koya ke nan ya yi rana.