Yini Guda a Tsibirin Sant Helena

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa ajin tarihi ya taɓa jin sunan Sant Helena, amma galibi abu guda ake gaya masa, wato a nan ne Turawan Ingila suka tsare Napoleon, sarkin Faransa, har ya mutu. Wannan tsibiri yana can tsakiyar kudancin tekun Atlantika, kimanin kilomita 1,900 daga gaɓar Afirka. Girmansa bai wuce murabba'in kilomita 122 ba, mazaunansa kuma ba su kai 5,000 ba. Kafin jiragen sama su fara jigilar fasinja zuwa can a 2017, sai mutum ya kwana biyar cikin jirgin ruwa daga Afirka ta Kudu kafin ya isa. A wannan maƙala za mu zaga tsibirin a ƙafa, tun daga asuba har faɗuwar rana, domin mu nuna cewa zaman Napoleon ɗan guntu ne kawai daga tarihinsa. Mafi yawan tarihin yana kwance ne cikin itatuwa da tsuntsaye da kaburburan da aka daɗe ba a waiwaye su ba.

Safiya: Daga Jamestown Zuwa Tudu

Tafiyarmu za ta soma daga Jamestown, babban garin tsibirin, wanda ke matse cikin wani siririn kwari tsakanin duwatsu biyu. Lokacin da matuƙan Fotugal suka iso nan a 1502, ba su tarar da ɗan Adam ko ɗaya ba, sai daji da ruwan sha da tsuntsaye. Da yake jiragensu masu dawowa daga Indiya suna bukatar nama, sai suka saki awaki su yi ta hayayyafa. A 1659 kamfanin Ingila mai ciniki da Indiya ya kafa gari, ya shigo da bayi daga Madagaska da Asiya da Afirka, daga baya kuma ya kawo leburori daga Sin. Mutanen tsibirin na yau jikokin wannan cakuɗa ne.

A kan itatuwan garin za mu ga wasu fararen tsuntsayen teku waɗanda ba sa gina sheƙa, sai dai macen ta ajiye ƙwanta guda a kan reshe tsirara. Daga nan sai mu fuskanci Tsanin Yakubu, mai matakala 699, wanda aka fara ginawa a 1829 domin jan kaya zuwa barikin soja da ke saman dutse. Wanda ya kai ƙarshensa ya juya, zai ga gefen tsibirin duk ƙoƙuwa ce da jan dutse. Awakin nan ne suka cinye ƙananan tsirrai, mutane suka sare manya, ruwan sama kuma ya kwashe ƙasar ya zuba a teku.

Idan muka ƙara nutsawa ciki, ƙasa za ta soma yin kore, har mu isa gidan gwamna. A farfajiyarsa ne aka ajiye wani ƙaton kunkuru mai suna Jonathan, wanda aka kawo daga tsibiran Seshel a 1882 yana babba. An ƙiyasta cewa an ƙyanƙyashe shi wajen 1832, a 2022 kuma aka yi bikin cikarsa shekara 190. Shi ma baƙo ne, kamar yawancin abin da ido zai gani a wannan wuri.

Tsakar Rana: Ƙololuwar Diana

Hanyar da za ta kai mu ƙololuwar Diana, wadda ta ɗara mita 800 a sama da teku, tana ratsa gangaren da wani tsiro mai dogon ganye ya lulluɓe. Daga ƙasar Niyu Zilan aka kawo shi, domin ana yin igiya da zarensa kamar yadda ake yi da rama. Shekaru da dama shi ne abin dogaron tsibirin, har zuwa tsakiyar shekarun 1960, lokacin da gidan waya na Ingila ya koma amfani da zaren roba, masana'antun suka rufe. Ciniki ya mutu, amma tsiron ya ci gaba da mamaye ƙasa. Haka nan fararen furannin da ke cika bakin rafuka, masu kama da mazurari, asalinsu daga kudancin Afirka ne.

Sai can a kan tsauni, inda hazo ke sauka kusan kullum, za mu tarar da ɗan abin da ya rage na dajin asali. Akwai itatuwan da ganyensu ya yi kama da gashin tsuntsu, da wasu da mutanen wurin ke kira itatuwan kabeji, masu fitar da ƙananan fararen furanni. Ba a samun irinsu a ko'ina a duniya sai nan. Waɗannan itatuwa ne ke tatsar raɓa daga hazo, wadda ke gangarawa ta zama ruwan shan mutane.

Furen da tsibirin ya ɗauka a matsayin tambarinsa shi ne na wani ɗan itace da ake kira eboni, ɗan uwa na nesa ga rama da kuɓewa, mai farin fure. Awaki sun cinye shi, mutane kuma sun ƙone shi wajen dafa farar ƙasa, har aka yi fiye da shekara ɗari ana zaton ya ƙare. A 1980 aka hango tushe biyu a jikin wani dutse da akuya ba ta iya kaiwa. Wani ɗan tsibirin, Charles Benjamin, ya sauka da igiya ya yanko rassa, kuma daga waɗannan rassa aka samu dubban da ake dasawa. Zaitun na Sant Helena bai yi wannan sa'a ba: na ƙarshe a daji ya mutu a 1994, na ƙarshe a lambu kuma a 2003.

La'asar: Gidan Sarki da Filin Tsuntsu

Daga tsauni za mu gangara wani kwari mai inuwa inda aka binne Napoleon bayan mutuwarsa ranar 5 ga Mayu, 1821. Kabarin fanko ne, domin a 1840 Faransa ta aiko jirgi ya ɗauke gawarsa. Gidan Longwood, inda ya zauna tun daga Disamba 1815, mallakar Faransa ne tun 1858, ana share shi, ana kula da lambunsa. Amma ba shi kaɗai aka tsare a tsibirin ba. An kawo Dinuzulu, sarkin Zulu, a 1890, ya yi shekara bakwai. An kawo Khalid bin Barghash na Zanzibar a 1917. Dabarar dai guda ce da wadda ta kai Sarkin Kano Alu Lakwaja bayan 1903: a nesanta shugaba da jama'arsa.

Gaba kaɗan akwai filin Deadwood, inda aka kafa sansanin fursunonin yaƙin Buwa, wato Turawan Afirka ta Kudu, waɗanda kimanin 6,000 daga cikinsu suka zauna a tsibirin tsakanin 1900 da 1902. A dā wannan yanki babban daji ne, yau kuwa makiyaya ce. A cikin ciyawarsa ne za mu ga wani ɗan tsuntsu dangin zakaran ƙeƙuwa, wanda ake kira tsuntsun waya saboda sirantar ƙafafunsa. Shi kaɗai ya rage daga tsuntsayen tudu na asalin tsibirin, kuma adadinsa bai wuce ɗaruruwa ba. A ƙasa yake yin ƙwai, don haka kyanwa da ɓera, waɗanda jirage suka kawo, su ne manyan maƙiyansa.

Almuru: Kwarin Rupert

Zangonmu na ƙarshe shi ne kwarin Rupert, busasshen wuri a bakin teku, mai cike da tankunan mai da ɗakunan ajiya. Daga 1840 zuwa 1872, jiragen yaƙin Ingila masu tare fataken bayi sun sauke 'yan Afirka fiye da 25,000 a tsibirin. An ce an 'yanta su, amma da yawa sun sauka ne da agana da atuni da yunwa, kimanin 8,000 kuma suka mutu, aka binne galibinsu a wannan kwari ba tare da suna ba. Waɗanda suka rayu, yawancinsu an tura su aikin gonakin rake a tsibiran Karibiyan, ba a mai da su gida ba. A 2008, yayin shirin gina hanyar filin jirgin sama, aka tono ƙasusuwan mutum 325, da yawansu yara ne, wasu da duwatsun wuya tare da su. Binciken ƙwayoyin halitta da aka yi wa wasu daga cikinsu ya nuna cewa asalinsu daga yankin Angola zuwa Gabon ne. Sun yi shekara goma sha huɗu cikin akwatuna a ɗakin ajiya, sai a watan Agusta 2022 aka sake binne su.

Kammalawa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Abin da yini guda ya nuna mana shi ne nisan Sant Helena bai kāre shi daga komai ba, domin kowane jirgi da ya tsaya ya bar wani abu: akuya, ko iri, ko fursuna, ko gawa. Ya kuma nuna mana cewa tarihi yana da son kai wajen zaɓen wanda zai tuna. A shekarar 1840 ce aka tono gawar mutum guda aka kai ta Faris da girmamawa, a cikin wannan shekara kuma aka soma sauke dubban da ba a rubuta sunayensu ba. Wajibi ne ga ɗalibin tarihi, musamman ɗan Afirka, idan an ambaci wannan tsibiri, ya tuna da kwarin Rupert tare da gidan Longwood.