Lambar ORCID da Matsalar Tantance Marubuci: Nazari a kan Sunayen Masu Bincike Hausawa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci lambar shaida ta dindindin da ake kira ORCID ta fuskar tsarin sunayen Hausawa. An bi diddigin yadda suna ke fita daga hannun marubuci zuwa mujalla, daga nan zuwa rumbunan bayanai, domin gano inda yake lalacewa. Binciken ya nuna cewa shawarar da aka saba bayarwa, wato mai bincike ya tsaya a kan rubutun suna guda, ba ta warware matsalar. Ya kuma nuna cewa lambar kanta ba ta aiki sai idan mujalla ta tantance ta a lokacin karɓar maƙala, sannan ta haɗa ta da lambar DOI ta maƙalar.

Muhimman kalmomi: ORCID, DOI, sunayen Hausawa, tantance marubuci, mujallun ilimi

1. Gabatarwa

Ƙarin girma a jami'a da samun tallafin bincike duk suna rataye ne a kan tambaya ɗaya: wane ne ya rubuta wannan aiki? Ita maƙala ta daɗe da samun amsa, domin tun shekarar 2000 hukumar Crossref ke ba maƙaloli lambar DOI, wadda ba ta canzawa ko da mujalla ta sauya adireshinta na intanet. Marubuci kuwa sai a watan Oktoba na 2012 ya samu tasa, lokacin da ƙungiyar ORCID, wadda ba ta neman riba, ta buɗe rajistarta. Lambar tana da alƙaluma 16 da aka kasa gida huɗu, kyauta ake ba da ita, kuma tana bin mai ita duk jami'ar da ya koma. Manufar wannan maƙala ita ce auna ko lambar ta dace da irin matsalar da sunayen Hausawa ke haifarwa, da kuma sharaɗin da zai sa ta yi amfani.

2. Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Mafi yawan abin da aka rubuta ya karkata ne ga tarayyar mutane da yawa a suna guda. Rahoton Jane Qiu a mujallar Nature a 2008 ya dubi masu bincike 'yan ƙasar Sin, inda miliyoyin mutane ke amsa Wang ko Li ko Zhang. Torvik da Smalheiser a 2009 sun gwada raba marubutan rumbun MEDLINE ta hanyar lissafin kwamfuta, suna dogaro da abokan rubutu da mujalla da fagen nazari. Laurel Haak da abokan aikinta sun bayyana manufar ORCID a mujallar Learned Publishing a 2012. Kafin nan akwai lambar marubuci ta Scopus da ResearcherID ta kamfanin Thomson Reuters, amma kowacce tana tsare ne a gidan kamfanin da ya ƙirƙire ta.

Ra'ayin da wannan maƙala ke jayayya da shi ba a cika samunsa a mujallu ba. A tarukan horar da malamai da ɗakunan koyar da dabarun bincike ake jin sa: mai bincike ya zaɓi rubutun suna ɗaya ya riƙe shi har abada, ya buɗe shafi a Google Scholar, shi ke nan. Wannan shawara ta ginu a kan zato biyu. Na farko, marubuci ne ke da iko da yadda sunansa zai fito a rumbun bayanai. Na biyu, kowa yana da sunan iyali da ake gada daga kaka zuwa jika. Duka biyun ba su tabbata a ƙasar Hausa ba.

3. Hanyar Gudanar da Bincike

An yi nazarin takardu ne. An duba guraben suna da ke cikin rajistar ORCID, da bayanan da mujalla ke miƙa wa Crossref, da ƙa'idar rubuta madogara ta APA. Daga nan aka gwada su da sunayen sanannun masana da shugabanni na Nijeriya da Nijar waɗanda rubuce-rubuce suka riga suka adana.

4. Sakamakon Bincike

4.1 Inda suna ke lalacewa

Bahaushe yakan ɗauki sunansa na yanka ya bi shi da na mahaifinsa, wani lokaci ya ƙara da na kaka ko na gari ko laƙabi. Saboda haka abin da fom ɗin mujalla ke kira sunan iyali yakan zama sunan yanka na uba, wanda dubban mutanen da ba su haɗa jini ba suke ɗauke da shi. Ƙa'idar APA takan bar wannan suna cikakke, ta rage sauran zuwa harafin farko. A ƙarƙashin "Muhammad, A." sai a tarar da Abubakar da Aliyu da Aminu da Adamu da A'isha da Amina duk sun zama mutum ɗaya. Sunan gari ma bai fitar da mutum ba. Ana kafa hujja da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da "Gusau, S. M.", amma duk wani ɗan Gusau da haruffan sunansa suka zo daidai yana da haƙƙin wannan rubutun.

Akasin haka shi ne mutum guda ya rabu gida-gida. Muhammad yana fitowa a matsayin Mohammed ko Muhammadu ko Mohd. Usman yana zama Uthman ko Othman. A Nijar, inda rajistar haihuwa ke bin rubutun Faransanci, Yusufu ya koma Issoufou, Usman ya koma Ousmane, Hauwa ta koma Haoua. Jerin sunan ma ba a tsaye yake ba: tsohon shugaban Nijar ana rubuta shi Mahamadou Issoufou, ana kuma rubuta shi Issoufou Mahamadou. Ga kuma haruffa masu lanƙwasa. Sunan Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo yana iya fitowa da lanƙwasa, ko babu ita, ko da alamar ɗauri a gabansa, kuma na'urar bincike na iya ɗaukar kowanne a matsayin suna dabam. Mai tsara shafi ne ko manhajar mujalla ke yin wannan canji, marubucin bai ma sani ba.

Akwai kuma canjin suna na gaskiya. Masanin tarihin da ya kafa Gidan Arewa a Kaduna ya buga maƙalarsa ta 1961 a kan jihadin ƙarni na 19 da sunan H. F. C. Smith, ta 1970 a kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa kuwa da sunan Abdullahi Smith, bayan ya musulunta. Mata masu bincike da ke sauya sunan uba da na miji suna cikin wannan hali. Babu wata shawara ta riƙe rubutu guda da za ta haɗa ayyukan irin waɗannan mutane.

Ta wannan fuska tsarin ORCID ya yi daidai. Sunan farko kaɗai ya wajabta, sunan iyali zaɓi ne. Akwai gurbin sunan da mutum ke buga aiki da shi, da wani gurbin da zai jera duk sauran rubuce-rubucen sunansa, kuma rajistar tana karɓar haruffa masu lanƙwasa da na Larabci.

4.2 Lamba a kan takarda da lamba a cikin bayanai

Babban abin da binciken ya gano shi ne mallakar lambar dabam, aikinta dabam. Hanya biyu ce lambar ke shiga maƙala. A ta farko, marubuci ya rubuta ta da hannu a ƙarƙashin sunansa, mujalla ta buga ta yadda ta zo. A ta biyu, manhajar mujalla ta tura shi shafin ORCID, ya shiga da kalmar sirrinsa, ya ba da izini, sannan ORCID da kanta ta miƙa wa mujallar lambar. Mai karatu ba zai ga bambanci ba, amma hanya ta biyu ce kaɗai ke tabbatar da cewa mai lambar ne ya miƙo ta.

Ana iya cewa ai alƙalamin ƙarshe na lambar na gano kuskure ne. Haka ne: ana lissafo shi daga alƙaluma 15 da suka gabace shi, shi ya sa wani lokaci yake zuwa da harafin X, kuma yana kama kuskuren alƙalami ɗaya ko musanyar maƙwabta biyu. Sai dai abin da yake tabbatarwa shi ne lambar ta ginu daidai. Bai ce komai a kan mai ita ba. Lambar 0000-0002-1825-0097, wadda ake ba da misali da ita a takardun ORCID, tana cin wannan jarrabawa sarai, alhali ta Josiah Carberry ce, farfesan ƙage da aka ƙirƙira don raha a Jami'ar Brown ta Amurka. Wanda ya kwafo lambar abokin rubutunsa bisa kuskure shi ma zai wuce ba tare da an kama shi ba.

Mataki na gaba ya fi wannan nauyi. Idan mujalla ta yi wa maƙala rajistar DOI, ta saka lambar marubuci cikin bayanan da ta miƙa, to tun 2015 Crossref na neman izinin marubucin sau ɗaya, daga nan duk sabon aikinsa zai riƙa shiga shafinsa da kansa. Kowane aiki a shafin yana nuna wanda ya saka shi. Kwamitin ƙarin girma na iya bambance abin da mujalla ta shaida da abin da mutum ya rubuta wa kansa. Lamarin ya yi kama da lambar shaida ta banki, BVN: darajarta na zuwa ne daga bankunan da suka ɗaura asusunsu a kanta.

A nan ne giɓin yake. Mujallun da ke kan dandalin mujallu na intanet mai suna AJOL, wanda aka fara a 1998, suna samun DOI mai farawa da 10.4314, don haka hanyarsu a buɗe take. Amma kaso mai yawa na nazarin harshe da adabi da al'adun Hausa yana fitowa ne a mujallun sashe da kundayen taro da littattafan karrama malamai, waɗanda ake bugawa a takarda ba tare da DOI ba. Malamin da ya yi shekaru yana rubutu a waɗannan wurare zai iya mallakar lamba, amma shafinsa zai kasance fanko, ko cike da abin da shi kaɗai ya shaida. Jami'ar da ta umarci malamanta su yi rajista ta kuma bar mujallunta yadda suke, an yi ba a yi ba.

Tarihin yaɗuwar lambar ya goyi bayan wannan fahimta. Gidauniyar Wellcome ta wajabta ta ga masu neman tallafinta a 2015. A Janairun 2016 wasu manyan masu buga mujallu, ciki har da Royal Society da PLOS da eLife, suka sa hannu a wasiƙar wajabta ta ga marubuta, tare da alƙawarin karɓarta ta hanyar tantancewa da miƙa ta ga Crossref. Wato nauyin da suka ɗora wa marubuci sun fara ɗora wa kansu.

5. Iyakokin Bincike

Nazarin ya tsaya a kan tsari, bai ƙirga shafukan malamai ba, kuma misalansa na mutanen da suka yi fice ne. Ana iya ƙorafin cewa mutum na iya buɗe shafi biyu, ko ya rasa shiga nasa idan adireshin imel na jami'a ya mutu. Duka biyun suna faruwa, amma ORCID ta tanadi hanyar haɗe shafuka da ta ƙara adireshi fiye da ɗaya, kuma babu ɗayansu da ya taɓa hujjar da aka kafa a sama.

6. Kammalawa

Sunan Bahaushe mai bincike yana haɗuwa da na wasu, yana kuma rarrabuwa a hannun masu tsara shafi da manhajoji, don haka riƙe rubutu guda ba magani ba ne. Lambar ORCID ta dace da matsalar, da sharaɗin mujalla ta yi nata aikin. Maƙalar tana ba da shawarar jami'o'i su shigar da mujallunsu Crossref, su kunna sashen ORCID da ke cikin manhajar gudanar da mujalla ta OJS, sannan su yi wa tsofaffin fitowa rajista. Bayan an yi haka ne wajabta wa malamai lambar zai zama adalci.