Naman Ciyawa da Naman Turke a Tarihin Tamale

Mahauta sun daɗe da sanin bambancin naman san da ya ƙare kwanakinsa a makiyaya da na wanda aka ɗaure a turke, aka ciyar da shi dusa da hatsi. Na farko ja ne sosai, yana da ɗan tauri, kitsensa kuma yakan yi rawaya-rawaya saboda ɗanyar ciyawa. Na biyu ya fi taushi, kitsensa fari ne, yana ratsa tsoka. A Tamale, yanayin shekara da nisan hanya su ne suka daɗe suna yanke wanda za a samu a kasuwa.

Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fataken Hausawa sun watsu zuwa wasu garuruwa. A 1907 Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar yankin arewa daga Gambaga zuwa Tamale, sai zangon garin ya cika da dillalai da mahauta. Shanun ƙasar Dagomba ƙanana ne marasa tozo, masu jure sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa. Manyan shanu masu tozo kuwa daga arewa ake koro su da ƙafa, daga ƙasashen da yau ake kira Burkina Faso da Mali da Nijar. Sukan biyo ta Tamale, su ƙetare kogin Volta a Yeji, su nufi Kumasi.

Duk waɗannan shanu ciyawa ce abincinsu, ita kuwa ciyawar Tamale damina ɗaya take samu a shekara, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Da kaka sa yakan cika ya yi sheƙi. Idan hunturu ya busar da daji, gobara ta cinye sauran, sai ya fara rama, kafin bazara ta ƙare ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Tafiyar makonni kuma takan ƙara zaftare masa kitse. Saboda haka naman ciyawa iri biyu ne: na kaka mai maiƙo, da na bazara wanda sai ya daɗe a tukunya. Hukumar mulkin mallaka ta fi mai da hankali ga cuta. A shekarun 1930 tashar likitocin dabbobi ta Pong-Tamale ta jagoranci rigakafin bushiya, garkuna suka ƙaru, amma yunwar rani ta ci gaba.

Maganin da Hausawa suka sani tun a gida shi ne turka, wato a ɗaure dabba a turke wata biyu ko uku ana ba ta harawa da dusar masara ko ta dawa da ɗan kanwa. Aikin cikin gida ne, sa ɗaya ko biyu, galibi domin kasuwar Babbar Sallah. Hatsi zalla ba a cika zuba wa sa ba, domin shi ne tuwon iyali, dabba ragowarsa take ci. A nan Tamale ta sha bamban da Amurka, inda bayan Yaƙin Duniya na Biyu rarar masara ta sa aka gina manyan wuraren turka masu ɗaukar dubban shanu. Can naman hatsi ya zama na kowa, na ciyawa ya koma mai tsada. A Tamale na ciyawa ne na kullum, na turke kuwa na ranar biki.

Wannan bambanci ya taɓa aljihun mutane. Makiyayin da buƙata ta matsa masa da bazara yakan sayar da ramammen sa da araha. Mai dusa da harawa ya saya, ya turke shi, ya mai da shi kasuwa da riba. Har yau, wanda ya iya ajiye abincin dabba tun kaka shi ke da ta cewa a kan farashi idan rani ya tsananta.