Daga Tashar Bassam Zuwa Tsohon Babban Birnin Kwaddebuwa

A unguwar Treichville ta birnin Abidjan akwai tashar mota da ake kira Gare de Bassam. Daga nan ne ake shiga mota zuwa Grand-Bassam, tafiyar kamar kilomita 40 gabas, a bakin teku.

Faransawa sun kafa sansani a Bassam a 1843. Da aka mai da Kwaddebuwa ƙasar mulkin mallaka a 1893, garin ya zama hedkwata, Binger kuma gwamna na farko. Daular ba ta daɗe ba. Zazzaɓin shawara ya kashe Turawa da yawa, sai aka ƙaura zuwa Bingerville a 1900. Ciniki ya ci gaba a Bassam na wani lokaci, amma da aka buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950, manyan jiragen ruwa suka koma Abidjan, garin ya yi sanyi.

Wannan sanyi ne ya tsirar da gine-ginensa. Haka ta faru ga Bruges ta ƙasar Beljiyam, wadda ta fi Bassam tsufa nesa ba kusa ba: yashi ya toshe mata hanyar teku, fatake suka koma Antwerp, ba wanda ya damu ya rushe tsofaffin gidaje ya gina sababbi. A Bassam ma, fadar gwamna tana nan, an mai da ita gidan adana tufafin gargajiya. Hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2012, ko da yake danshi da gishirin teku suna ta cin wasu gidajen.

A ganina, abin da ya fi gine-ginen daraja ita ce hanyar kanta. A Fabrairu 1949 aka kama shugabannin jam'iyyar PDCI-RDA, ciki har da marubuci Bernard Dadié, aka tsare su a kurkukun Bassam. A Disamba na shekarar, mata suka taso daga Abidjan don neman a sake su, da yawansu a ƙafa. Jami'an tsaro suka tare su a gadar da ke shiga unguwar Turawa, suka yi musu duka. Ba a saki fursunonin a ranar ba, amma gadar ita ake kira Pont de la Victoire, wato Gadar Nasara.