Asalin Rundunar Masoya ta Birnin Tebes

A ƙasar Kano ta dā, mayaƙi yakan fita daga ne a bayan ubangidansa. In Sarkin Gaya ya amsa kiran Sarkin Kano, barade da 'yan lifidi da dakaru kowa na bin wanda ya ɗaura masa sirdi. A ƙasar Girka kuwa an yi wani birni, Tebes, wanda ya tsara zaratansa bisa wani abu dabam, wato soyayya tsakanin mayaƙan su kansu.

Ga yadda abin ya faro. A shekara ta 382 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sojojin birnin Sparta suka mamaye Kadmiya, ganuwar da ke tsakiyar Tebes. Bayan shekara uku, wani jarumi mai suna Felofidas ya komo daga gudun hijira a Atina tare da abokansa, suka shigo a ɓoye cikin dare, suka kashe 'yan koren Sparta, aka kori 'yan mamaya. Kowa ya san Sparta za ta dawo. Tebes kuma ba ta da tsayayyun sojoji, sai manoma da masu sana'a da kan ɗauki garkuwa in an buga gangar yaƙi.

Sai wani sarkin yaƙi, Gorgidas, ya zaɓi mutum 300 a wajen shekara ta 378, gari ya ɗauki nauyin cinsu da shansu, ba su da aiki sai horo. Fulutak, marubucin tarihin Felofidas, ya ruwaito cewa bibbiyu aka haɗa su, ma'abota juna 150, kowa da masoyinsa a gefensa. Mutanen masu bautar gumaka ne, irin wannan alaƙa kuma ba abin ɓoyo ba ce a al'adarsu. An ce har alkawari sukan ɗauka a kabarin Iyolawus, abokin gwagwarmayar Hirakal, wani gwarzo a tatsuniyoyinsu.

Lissafin da aka yi shi ne kunya. In wuta ta yi wuta, mutum na iya barin ɗan garinsu, har ɗan dangi, ya ranta a na kare. Amma da wuya ya juya baya alhali wanda yake so yana kallonsa.

Da farko Gorgidas ya rarraba su a sahun gaba. Felofidas ne ya dunƙule su wuri guda. A Tegira, a 375, suka kori rundunar Sparta da ta fi su yawa. A Luktira, a 371, sarkin yaƙin Tebes, Efaminondas, ya jera ɓangaren hagu sahu hamsin, masoyan na gaba, aka kashe Sarki Kiliyomburotus na Sparta, martabar birninsa ta zube.

Shekara arba'in ke nan ana jin tsoronsu, har 338, shekarar da Sarki Filibus na Makidoniya da ɗansa Iskandar, ɗan shekara 18, suka gamu da su a Kayroniya. Sauran rundunar Tebes ta watse, su suka tsaya aka karkashe su. Fulutak, wanda haifaffen Kayroniya ne, ya ce da Filibus ya ga gawarwakin sai da ya zub da hawaye.

Masana na gardama kan labarin, domin Fulutak ya rubuta shi ne bayan fiye da shekara 400, Zenofon kuwa, wanda ya ga zamanin, bai ambaci rundunar a tarihinsa ba. Sai dai a Kayroniya akwai wani babban zaki na dutse da aka kafa don mamatan Tebes, kuma da aka haƙa gindinsa wajen 1880 an tarar da ƙasusuwan mutum 254 a jere, layi bakwai, da yawansu ɗauke da saran takobi da sukan mashi.