Shahon Togo Daga Barazabil Zuwa Kolon

Daga 8 ga Oktoba 2005 zuwa 23 ga Yuni 2006 wata takwas ne da rabi. A cikin wannan ɗan lokaci ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Togo, wadda ake kira Les Éperviers, wato shaho, ta buga manyan wasanni bakwai. Ta ci na farko, kuma shi ya kai ta gasar cin kofin duniya karo na farko a tarihinta. Sauran shidan duk kashi ta sha, uku a Masar, uku a Jamus. Ƙwallo 3 ta jefa a cikinsu, aka zura mata 13. Abin da ya fi zama a bakin mutane game da wannan kaka shi ne rigimar kuɗi, har ana cewa 'yan wasan Togo sun je Turai sun kunyata Afirka saboda kwaɗayi. Mu da muka bi al'amarin daga Zangon Lome muna da namu karatun, kuma shi nake so in shimfiɗa a nan.

Ga wanda bai san garin ba, tsohon Zango a tsakiyar Lome yake, har zuwa 1977 da gwamnati ta rushe shi aka kwashe mutane zuwa arewacin birni, wajen Agoè. A wannan yanki Cacavéli take, inda nake zaune. Iyayenmu da kakanninmu fatauci ne ya kawo su daga Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, suka zauna tare da Zabarmawa da Yarbawa da Kotokoli mutanen Sokode. Saboda haka a harkar ƙwallo zuciyar matasan Zango ta daɗe tana waje. Super Eagles ta 1994 da ta Atalanta 1996 ita ce tamu, wasu kuma Black Stars ta Gana, tun da iyakar Aflao a bakin gari take. Togo kuwa ta je gasar kofin Afirka sau biyar kafin nan, ba ta taɓa wuce zagayen farko ba. Ba wanda ke ɗora mata buri.

Abin da ya fara juyo da hankalinmu shi ne ɗauko Stephen Keshi a 2004 ya zama mai horarwa. Mun san shi kyaftin ɗin Najeriya, kuma ya taka leda a Abijan da Anderlecht da Strasbourg, don haka Faransanci a bakinsa yake. Rukunin da aka saka Togo ba na wasa ba ne: ga Senegal wadda ta doke Faransa ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a 2002, ga Mali, Zambiya, Kwango da Laberiya. Wasan farko Zambiya ta ci 1-0. Daga nan ba a sake doke Togo a rukunin ba. Ta lallasa Senegal 3-1 a Lome, ta je Bamako a Maris 2005 ta ci Mali 2-1 har gari ya hargitse, ta kuma ƙwaci canjaras 2-2 a Dakar a watan Yuni. A wannan watan ne Najeriya ta yi 1-1 da Angola a filin Sani Abacha na Kano, kunnen dokin da daga baya ya hana ta zuwa Jamus. To, wanda uwarsa ta rasa tuwo ai gidan maƙwabta yake leƙawa, balle mu da gidan ma namu ne. Rigunan ruwan ɗorawa suka fara yawa a Zango.

Kada a manta da irin shekarar da ake ciki. Janar Eyadéma ya rasu ranar 5 ga Fabrairu 2005 bayan shekara 38 a kan mulki, sojoji suka ɗora ɗansa Faure, aka yi zaɓe a Afrilu, rikici ya biyo baya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum 400 zuwa 500 ne suka mutu, dubban mutane suka tsere Gana da Benin. A irin wannan hali, filin Kégué ne kusan wuri ɗaya tilo da mutumin kudu da mutumin arewa ke tashi tsaye lokaci guda don abu guda. Shugaban hukumar ƙwallon ƙasar a lokacin kuma Rock Gnassingbé ne, ɗan marigayin, ɗan'uwan sabon shugaban ƙasa. Ke nan ƙwallo da fada ba su yi nisa da juna ba.

Ranar Asabar 8 ga Oktoba ta faɗo cikin makon farko na azumi. Togo na da maki 20, Senegal 18, canjaras ma ya isa. Amma Kwango ta shiga gaba har sau biyu a Barazabil, alhali Senegal na can tana cin Mali, wato sau biyu tikitin yana suɓucewa yana komawa Dakar. Emmanuel Adebayor ya farke ta farko. Mohamed Kader Coubadja, haifaffen Sokode, ya farke ta biyu, ya kuma ƙara ta uku. Aka tashi 3-2, Togo ta gama da maki 23. Adebayor ya fi kowa cin ƙwallo a wasannin share fage na Afirka, da guda 11. A daren nan sahun asham a masallacin unguwarmu dattawa ne suka riƙe shi, samari suna kan babura sun nufi cikin gari.

Daga wannan dare zuwa buɗe gasar akwai wata takwas cur. A riƙe wannan lissafi, domin zan dawo kansa.

A Janairun 2006 Adebayor ya bar Monaco ya koma Arsenal, kwanaki kaɗan kafin gasar kofin Afirka a Masar. Wasan farko da Kwango ta Kinshasa, sai ga tauraron ƙungiya a benci. Ya shigo daga baya, aka ci Togo 2-0. Bayan wasa ya fito gaban 'yan jarida ya zargi Keshi da neman sa hannu a cinikinsa, aka yi ta musayar zafafan kalamai. Kamaru ta ƙara 2-0, Angola ta rufe da 3-2. A Fabrairu hukuma ta sallami Keshi, mutumin da aka ba lambar gwarzon mai horarwa na Afirka na 2005. Wannan ne karo na biyu da hakan ta same shi, domin yana mataimakin Amodu Shuaibu lokacin da suka kai Najeriya gasar 2002, aka kore su ana saura 'yan watanni.

Yadda dattawan Zango suka fassara wannan kora ya fi mini duk sharhin da na ji a rediyo. A fataucin shanu da goro, wanda shi ya kafa Zangon Lome, baƙo ba ya sayar da dabbarsa kai tsaye. Yana sauka wurin maigida. Maigida ne ke ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, kuma idan mahauci ya ɗauki sa bashi, maigida ne ya tsaya lamuni: in mahauci ya ƙi biya, daga aljihunsa za a biya. Baƙo na sakin shanunsa ne saboda ya yarda da maigida, ko da bai taɓa ganin mahaucin ba. 'Yan wasan Togo kusan duk baƙi ne a wannan ma'ana. Suna zaune Faransa da Beljiyam da Jamus da Suwizalan, wasu a ƙananan kulob inda albashi bai taka kara ya karya ba, suna zuwa su buga su koma. Mutumin da ya yi shekara biyu yana kiransu, yana lallashinsu, wanda ya san kowa da halinsa, shi ne Keshi. Ban ce waliyyi ba ne. Maigidan da ya yi faɗa da babban baƙonsa a bainar jama'a shi ma yana da nasa laifi. Amma da aka cire shi ba a sa kowa a wannan gurbi ba. An dai kawo wani mai horarwa.

Wanda aka kawo shi ne Otto Pfister, Bajamushe ɗan shekara 68, tsohon hannu a Afirka. Shi ya ci wa Gana kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 1991, ya kuma kai Black Stars wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1992. Ilimin ƙwallo yana da shi. Sai dai wata huɗu kawai ya samu, kuma da ƙungiya ta sauka a garin Wangen na kudancin Jamus, maganar alawus ba a gama ta ba. 'Yan wasa suka nemi Yuro 155,000 kowannensu, ban da ladan nasara da na canjaras. A kuɗinmu wannan ya kai wajen sefa miliyan 100, ko jika dubu ɗari a lissafin kasuwa. Aka daina fita atisaye. Manyan jami'an gwamnati suka taso daga Lome, aka zauna, aka tashi ba matsaya. Ranar 9 ga Yuni, ranar da aka buɗe gasar, Pfister ya ɗauki jakarsa ya bar masauki. Har an fara magana da Winfried Schäfer, tsohon kocin Kamaru, sai Pfister ya dawo ana gobe wasa.

A ganina kuɗin da suka nema ya yi yawa. Idan aka ninka shi sau 23 ya haura Yuro miliyan uku da rabi, wanda zai cinye mafi yawan abin da FIFA ke ba ƙasar da ta fita a zagayen farko. Amma duk wanda ya taɓa shiga kara ya san farashin farko ba shi ne farashi ba. Mai kaya yana ɗaga baki ne gwargwadon tsoronsa cewa ba za a cika masa ba. Ciniki irin wannan ana yinsa ne a Nuwamba ko Disamba, a rubuta, kowa ya sa hannu, a san wanda ya tsaya. Wata takwas aka samu. An bari sai da shanu suka iso mahauta sannan aka fara taya su, a gaban kyamarorin duniya.

Da wannan hali aka shiga fili a Frankfurt ranar Talata 13 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana agogon Lome, aka kara da Koriya ta Kudu wadda ta zo ta huɗu a 2002. Tun kafin a take ƙwallo aka yi kuskure aka sa taken Koriya sau biyu, 'yan wasanmu na tsaye suna kallon juna, kafin a gyara. Wani dattijo a inda muke kallo ya ce ko Jamusawan ma ba su yarda mun zo ba.

Sai kuma aka ga abin da ba a zata ba. Ƙungiyar da ta yi kwanaki tana taro maimakon atisaye ita ta riƙe wasan. A minti na 31 doguwar ƙwallo ta sauko wa Kader, ya tare ta da cinya, ya ja ta dama, ya narka ta ƙasa-ƙasa, ta bugi turke ta shige. Ihun da aka yi a Cacavéli har da matan da ke cikin gida waɗanda ba su san wa ya ci ba. Aka tafi hutun rabin lokaci Togo na gaba. Minti takwas da dawowa kyaftin Jean-Paul Abalo ya kayar da Park Ji-sung a bakin da'ira, alƙalin wasa Graham Poll ya ba shi katin gargaɗi na biyu, ya fita. Daga bugun tazarar nan Lee Chun-soo ya farke. A minti na 72 Ahn Jung-hwan ya ƙara. Mutum goma, ƙafafu sun yi nauyi cikin zafin rana, aka tashi 2-1. Har gobe ina ganin kwanakin atisayen da aka rasa a Wangen su ne suka fito a rabin sa'ar ƙarshe.

Ko bayan wannan ba a biya ba. Ana gobe wasa da Suwizalan 'yan wasa suka ƙi kama hanyar Dortmund, sai da FIFA ta yi barazanar hukunci, sannan ta yarda a fitar musu da haƙƙinsu daga kason da Togo za ta samu. Wato a ƙarshe FIFA ce ta zama maigida. Ranar 19 ga Yuni Alexander Frei ya ci a minti na 16. Patrick Müller ya harɗe Adebayor a cikin da'ira, alƙalin wasa ya kau da kai, kuma wannan fanareti har yau ana ƙorafinsa a majalisun shayi. Tranquillo Barnetta ya rufe da ta biyu ana dab da tashi.

Wasan ƙarshe a Kolon aka yi shi, garin da aka haifi Pfister, daren Juma'a 23 ga Yuni. Faransa na neman nasara ido rufe, Zidane kuma an dakatar da shi. Gola Kossi Agassa ya yi ta tare ƙwallaye har aka je hutu ba ci. Patrick Vieira ya ci a minti na 55, Thierry Henry a na 61. Faransar nan ita ta je har wasan ƙarshe da Italiya, Suwizalan kuwa ta bar gasar ba a zura mata ko ɗaya ba a cikin wasa. Duk wanda zai auna Togo ta 2006 ya kamata ya sa wannan a ma'auni. Mu dai muka koma goyon bayan Gana, wadda ta tsallake zuwa zagaye na biyu kafin Burazil ta cire ta 3-0. FIFA ta ci tarar hukumar ƙwallon Togo kuɗin Suwizalan 100,000 saboda rigimar. Ƙwallon Kader ita ce ɗaya tilo da Togo ke da ita a gasar cin kofin duniya, domin ba ta sake komawa ba.

Akwai masu ce mini da Keshi na nan da ba a yi haka ba. Na yarda da su rabi. Mai horarwa yana iya riƙe amanar 'yan wasa, amma lalitar ba a hannunsa take ba, kuma maigidan da ba shi da abin biya lamuninsa na baki ne. Keshi ya ci wa Najeriya kofin Afirka a 2013, ya kuma samu zama a bencin gasar duniya a Burazil a 2014, shekara biyu kafin rasuwarsa. A wannan gasar 'yan wasan Kamaru suka jinkirta hawa jirgi saboda alawus, gwamnatin Gana ta aika da dala miliyan 3 tsaba a jirgin sama, su kuma 'yan wasan Keshi suka ƙi fita atisaye kwanaki kaɗan kafin wasansu na zagaye na biyu, a kan kuɗi. Ranar 30 ga Yuni, a Brasília, Faransa ta ci su 2-0.